Labarin da Na Riƙe Daga Fanya

Mutane suna yabona da daɗin baki. Tun ina da sauran ƙarfi ni ake turawa biko, ni ake kira idan 'yan'uwa sun yi faɗa a kan iyakar gona. Har yanzu da na tsufa sai wani ya zauna a gabana yana cewa, "Malam, kai dai Allah ya ba ka harshe." Ba sa sanin haushi suke ba ni. Na san ɓarnar da harshen nan ya taɓa yi, kuma a gidanmu ya yi ta.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar kogin Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. Kakanninmu daga bakin tafkin Chadi suka taso, suka tarar da ruwa da kifi a nan suka zauna. A zamanin da nake ba da labari Bature ne ke mulki, samari kuwa kowa ƙafarsa na ƙaiƙayi, don jirgin ƙasa yana tsayawa a Malam Madori, kuma duk wanda ya hau ya dawo sai ya zo da labarin da ya fi kayansa nauyi.

Ni da ɗan gwaggona muka hau. Taubashina ne, abokin wasa, shekara ɗaya na ba shi. Dogo ne siriri, ina ce masa gwangwala, shi kuma yana ce mini tulu. Muka ɗaure bandar kifi da jemammun fatu muka yi Kudu. Ni ba ni da aure a lokacin. Shi ya bar mata da 'yar jaririya, ya bar uwarsa, wato Gwaggo, wadda ba ta da wani ɗa namiji sai shi. Mun ce wata huɗu za mu yi. Daga Kano muka gangara Fatakwal, daga nan Kalaba, a can muka ji ana zancen wani tsibiri a cikin teku da ake kira Fanya, inda Turawan Sifen ke mulki. Ni na matsa a je. Wannan ma ina faɗa ne don kada a ce na ɓoye.

A tsibirin na samu Hausawa 'yan tsiraru a garin bakin ruwa, na kafa tukubar tsire a kusa da kasuwa. Taubashina ba shi da haƙurin zama wuri ɗaya yana fifita wuta. Ya sa hannu a takardar aiki a wata gonar koko can kan tudu, tafiyar yini guda daga gari. Duk ƙarshen wata yakan sauko ya cinye mini nama, ya ce gishiri ya yi yawa, ya koma.

A gindin tukubar nan na koyi ɗan Sifaniyancin da na iya. Akwai wani tsohon tafinta, ɗan tsibirin, mai ɗingishi, wanda ya ga dama ya mayar da ni ɗalibinsa. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ni kuma ina tsintar nasu. Sunayen kaya da ƙirga ba su ba ni wuya ba. Abin da ya sha mini kai shi ne, a harshensu kalmar aiki tana da hanya biyu. Idan abu ya faru, ko kana da yaƙinin yana nan, ga yadda za ka faɗe shi. Idan kuwa fata kake yi, ko tsoro, ko kokwanto, sai ƙarshen kalmar ya sauya. Ni kuma sai in cakuɗa. In ce jirgin ruwa ya iso alhali so nake ya iso, ko in faɗi abin da na gani da idona kamar ina roƙonsa. Tsohon sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Tsaya. Ya faru ne, ko so kake ya faru? Zaɓi ɗaya." Na ce masa mu a wurinmu mutum ba ya yanke magana haka gatsau, sai ya haɗa da in Allah ya so. Ya yi dariya ya ce su ma suna da irin wannan kalma, kuma daga Larabawa suka gaje ta, amma ba a sa ta a kan abin da ya riga ya wuce. Na ɗauki abin a matsayin fitinar tsofaffi, na ƙara masa tsinke biyu don ya ƙyale ni.

A shekara ta biyu ƙarshen wata ya zo taubashina bai sauko ba. Bayan kwana shida wani lebura ya zo ya ce in hau, zazzaɓi ya kayar da ɗan'uwana. Na rufe tukuba na hau. Na same shi a kan tabarma a ɗakin leburori, idanunsa sun yi ɗorawa, amma ya gane ni, har ya ce tulu ya rame. Kwana biyu na yi a kansa. Ranar Talata da hantsi ya cika, kansa a kan cinyata. Ni na yi masa wanka, da taimakon wasu Musulmi biyu 'yan ƙasar Yarbawa. Mu biyar muka yi masa salla. Muka haƙa masa kabari a ƙarƙashin wasu itatuwa da ban san sunansu ba, ƙasar baƙa mai laushi irin ta fadamarmu. Na ɗauko hularsa da carbinsa da wani ɗan zane da ya saya wa 'yarsa.

Ban aika wasiƙa ba. Na ce irin wannan labari baki ne ke kai shi, ba takarda ba. Na tattara na kamo hanya, kuma duk tsawon tafiyar ina bitar abin da zan faɗa. Tsarin a bayyane yake, kowa ya san shi. Ba a shiga gidan mamaci kai tsaye. Liman ake fara samu, shi ya tara dattawa biyu, su je su zauna, su yi ta jan zance har zuciya ta shirya, sannan a faɗa. Da na bi wannan da ba ni da labarin da zan rubuta yau.

Na iso da bazara, kogi ya zama yashi, mata suna tono rijiyoyi a tsakiyarsa. Ina tsallakewa da akwatina a ka, kafin in kai gidan liman, sai ga Gwaggo ta ɗago daga bakin wata rijiya da ƙwarya a hannu. Ta gane tafiyata tun daga nesa. Ta saki ƙwaryar ta taho, ta kama hannuna, amma ba ni take kallo ba, bayana take leƙe.

Ta ce, "Ina ɗan'uwanka?"

Na ce, "Allah ya kawo shi lafiya, Gwaggo."

Ta ce, "Amin, amin. Aikin ne bai ƙare ba ko?"

Na ce, "Allah dai ya sa a gama lafiya."

Shi ke nan. Kafin in kai ƙofar gidanmu mata sun kai labari cewa ɗaya ya dawo, ɗayan yana tafe. Liman da kansa ya zo yi mini barka da zuwa, ya ce Allah ya kawo na bayan, na ce amin tare da kowa. Na tura akwatin ƙarƙashin gado da hular a ciki. Na ce gobe zan gyara. Gobe ta yi na ce bari gajiya ta sake ni.

Wata uku na yi a haka, kuma na ƙware. Gwaggo ta ce, "Yana samun abinci irin namu kuwa?" In ce, "Allah ya hore masa." Maƙwabci ya ce, "Da kaka za mu gan shi?" In ce, "Allah ya nuna mana." Ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba, don ko sau ɗaya ban ce yana da rai ba. Wani lokaci ina kan hanyar gona sai in tuna tsohon tafintan da sandarsa. Da a gabansa nake wannan magana da tuni ya tsayar da ni, don kunnensa ya saba jin inda mutum ya sauka daga abin da yake ya koma abin da ake fata. Mutanenmu ma ba kurame ba ne, suna ji. Amma a wurinmu wanda ya amsa tambaya da addu'a mai ladabi ne, mai tsoron Allah, ba wanda zai ce masa ya zaɓi ɗaya. Na ɓuya a bayan ladabin nan, har ana cewa tafiya ta ƙara mini natsuwa.

Da ruwan sama ya sauka Gwaggo ta kira ni ta ba ni irin shinkafa a masaki. Ta ce in shuka gonar ɗan'uwana ta fadama kafin ruwan kogi ya iso, don kada ya dawo ya tarar da ciyawa. Na shuka. Na yi noman fari. Kullum da azahar ta aiko mini da tuwo da miyar kuka da kan tarwaɗa, irin yadda yake so, ni kuma in zauna a gindin goruba in cinye. Ban taɓa ƙin kaina kamar a lokacin ba, amma ban bar ko loma ba.

A wurinmu ruwan kogi ba ya zuwa da ruwan sama, daga yamma yake gangarowa daga baya. Idan ya iso sai ya malale fadama gaba ɗaya, ƙauyenmu ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a kwalekwale ko a kan gora, har wajen wata uku. Masunta suka fara kawo labari cewa ruwa ya wuce Haɗeja. A ranar ne wan matar taubashina ya iso daga Birniwa da takarkari. Mahaifinsu ne ya aiko shi. Ya ce shekara biyu da rabi ta isa, idan mijin ba zai zo bana ba ta taho gida da yarinyar kafin hanya ta rufe, idan kuwa yana tafe ta zauna ɗakinta, ba wanda zai raba ta da shi. Ta ce a ba ta zuwa gobe.

Da safe ta aiko a kira ni. Ita ba mai yawan magana ba ce, tun da na dawo gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban taɓa jin ta ce amin ga addu'o'ina da ƙarfi ba. Na same ta a bayan gida wurin banda, tana juya kifi a kan wuta, yarinyar na riƙe da gefen zanenta. Ta shimfiɗa mini tabarma nesa kaɗan. Muka gaisa.

Ta ce, "Yaya, ka ji abin da ya kawo wana. Ruwa jibi zai rufe hanya. In zauna ko in tafi?"

Na ce, "Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri."

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta ce, "Addu'a ina da mai yi mini, Yaya. Kai kaɗai ne ka je inda yake. Yana da rai ko ba shi da rai?"

Na buɗe baki, wallahi wata addu'ar ce ta fara zuwa, don harshe ya riga ya saba. Na haɗiye ta. Na ce, "Ya rasu."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati a hankali, ta zauna a kan turmi, ta jawo yarinyar jikinta. Sannan ta shiga tambayata ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali. Wace rana? Na ce Talata da hantsi. Wane wata? Na faɗa. Wa ya yi masa wanka? Na ce ni. An yi masa salla? Na ce mu biyar. An fuskantar da shi gabas? Na ce da hannuna na gyara shi. Ya yi magana? Na ce ya yi kalmar shahada, kafin nan kuma ya tambayi ko yarinyar ta fara tafiya. Kowace amsa gajera ce, kuma ban taɓa jin magana ta yi mini sauƙin fita haka ba.

Ta yi lissafi da yatsu. Ta ce, "Wata biyar ke nan."

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa tausayin Gwaggo ne ya hana ni, ban so in karya mata zuciya a tsakiyar hanya ba. Ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ni nawa mai sauƙi ne, na yafe. Zaman da na yi ba don kai na yi ba. Amma wata biyar, duk salla biyar, ni da uwarsa muna roƙon Allah ya dawo da shi lafiya. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa. Ba a yi masa sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba, ba a yi ta arba'in ba. Yana kwance a ƙasar da ba mai zuwa kansa, nan kuma da yake da masu roƙa masa gafara ka rufe mana baki. Wannan ba ni zan yafe maka ba."

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya a cikin wata ukun. Ina ta auna zuciyar masu rai, na manta shi ma yana da haƙƙi a cikin labarin mutuwarsa. Kifi yana ƙonewa ba wanda ya kula.

Na ce, "Bari in je in kira liman."

Ta ce, "Liman zai zo daga baya. Gwaggo tana ɗaki tana tsince wake. Daga bakinka ta ji na farko, daga bakinka za ta ji wannan."

Na tashi. Daga wurin banda zuwa ƙofar ɗakin Gwaggo bai fi taku ashirin ba. Na yi sallama, ta amsa da fara'a, ta ce in shigo, yanzun nan take cewa a kai mini kunu gona. Na cire takalmina na shiga.