Musuna da Haruna a Kan Ɗan Sa'idi

Bana shekara talatin da shida ke nan da rasuwar Haruna Badamagare, kuma har yau ban samu wanda zai yi min musu irin nasa ba. Masu gardama dai ba su ƙare ba. Amma yawancinsu so suke su ci nasara su tashi, shi kuwa so yake a zauna.

Mun haɗu a Alƙahira a ƙarshen shekarun saba'in, muna ɗaliban addini, shi daga Damagaram, ni daga Kano. Wasan da ke tsakanin garuruwanmu ya sa tun ranar farko bai kira sunana ba, sai Bakano. Gida ɗaya muka zauna a unguwar Hay el-Sabi', mu shida, a hawa na huɗu, inda ruwan famfo ke hawowa in ya ga dama. A ƙasan gidan akwai wata gahawa, wato wurin shan shayi, kuma a nan muke taruwa bayan la'asar, kowa da kofin shayinsa.

Ba manyan 'yan ƙwallo muke musu a kansu ba, waɗannan kowa ya san su. Namu ɗalibai ne masu buga gasar kwalejoji, waɗanda manyan kulob ke turo wakilai su duba a ƙarshen kaka, su ɗebi 'yan kaɗan. Wa za a ɗauka, wa za a bari, shi ne karatunmu na yamma. Da yake da safe ilimin tantance maruwaitan hadisi muke karantawa, sai muka kwaso ƙa'idojinsa muka ɗora wa ƙwallo. Wannan mai tsaron gida amintacce ne, wancan ɗan baya mai rauni ne. In ka ce wani ya yanke mutum uku, za a tambaye ka daga wa ka ji, shi kuma daga wa. Malamanmu da sun ji mu, ban san ko kuka za su yi ko alfahari ba.

Wata Alhamis Haruna ya hau bas shi kaɗai zuwa Giza, ya dawo yana rawar jiki. Ya ce ya ga wani yaro daga kudancin Masar, ɗalibin aikin gona, yana buga gefen hagu, kuma bai taɓa ganin ƙafa irin tasa ba. Wai ƙwallon na bin sa kamar akuyar gida. Muka tambaye shi wa ya gani ban da shi. Ya ce babu. Aka yanke hukunci nan take cewa ruwayar mutum ɗaya ce, sai an bincika. Muka raɗa wa yaron suna Ɗan Sa'idi, da yake Sa'idi ake ce wa mutumin kudancin Masar.

Mako biyu bayan haka muka bi shi Giza. Abin da na gani shi ne siririn yaro mai gudu, wanda in ƙwallo ta zo ƙafarsa ta dama sai ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Na faɗa wa Haruna haka. Ya ce mutumin da ya taso a kasuwa ba zai gane abin da ba a aunawa da mudu ba.

Ba a ɗauki yaron a kakar nan ba, ba a ɗauke shi a ta gaba ba. Daga baya muka ji ya tafi aikin soja na dole, sai labarinsa ya yanke. Wani zai ce magana ta ƙare. Haruna ya ce yanzu ta fara, domin masu zaɓen su ne masu raunin. Duk yaron da aka ambata a gahawar, sai ya auna shi da Ɗan Sa'idi ya ce bai kai ba. Ni kuma aikina in tashi in ƙaryata. Mai gahawar har ya saba, da ya ga mun ɗaga murya sai ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya ƙaro shayi.

Sai mutane suka fara komawa gida. Wannan ya samu alƙalanci, wancan koyarwa, wani aure ya kira shi. Sababbin ɗaliban da suka maye gurbinsu ba su san yaron ba, in Haruna ya fara sai su ce tamam, haka ne, Malam, su ci gaba da hirarsu. Shi kuwa ba shi da niyyar tafiya. Iyayensa sun rasu, ya kama yi wa 'yan kasuwa da marasa lafiya daga Nijar tafinta. Kujeru shida suka koma biyu.

Ranar da zan bar Alƙahira muka sha shayin ƙarshe da hantsi, akwatina a gefe. Na dube shi, na ga ya rame, sai na so in bar masa wani abu. Na ce na yi tunani, shi ke da gaskiya, yaron gwani ne, an zalunce shi.

Ya ajiye kofinsa. 

"Bakano, kar ka yi min haka," in ji shi. "In ka yarda, khalas ke nan. Da wa zan riƙa yi in ka tafi?"

Na ce ai ko ban yarda ba, ba na nan.

"Zan san kana can kana kuskure. Ya ishe ni."

Na janye maganata. Muka yi musu har tasi ta zo, yana riƙe da ƙofar motar yana bayanin wani bugun kusurwa da ban gani ba. Ban sake ganin sa ba. Bayan 'yan shekaru wani ɗalibi da ya dawo hutu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya yi min gaisuwar rasuwar Haruna, yana zaton na sani. A can aka binne shi, ban san maƙabartar ba.

Yanzu jikokina na musu a kan ɗalibai 'yan ƙwallon wata ƙasa da ba su taɓa zuwa ba, wa za a fara ɗauka, wa zai biyo. In gardama ta yi zafi sai ɗaya ya zaro waya, a kalli hoton wasan, a yi shiru, kowa ya koma harkarsa. Nakan yi tunanin abin da Haruna zai ce. Ina jin zai yaba da hujjar, sannan ya tambaya me za a yi da sauran yammacin.

Bai bar littafi ba, bai bar ɗa ba, mutum huɗun da suka san wannan labari su ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya bari a hannuna matsayi ne da ya roƙe ni kada in sauka daga kai. Allah Ya ji ƙanka, Badamagare, Ya haskaka makwancinka. Amma yaron nan ba shi da ƙafar dama, kuma da ni ne wakilin kulob, ni ma ba zan ɗauke shi ba.