Gara a Rufewar Baba

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero na tsakiyar bununi, ban daɗe da aure ba, a wani ƙauye ta wajen Gafati. Maigidana ya bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Kano cin rani tun ba a gama tara kara ba. Ya bar ni da goyo, da iyayensa tsofaffi, da awaki, da aikin da ba shi da kai ba shi da gindi.

Da asuba ina bakin rijiya, guga na dawowa rabi ruwa rabi laka. In dawo in share turke, in fita itace, in tsinko yaɗiya da ɗan abin da ya rage na tafasa, in shanya a kan rumfa. Kafin in juya baya, wata jar akuya da muke da ita ta taka turmi ta haye, ta cinye wahalar yini guda. Ga 'ya'yan itacen anza, abincin yunwa, da muke jiƙawa kwana da kwanaki ana sake mata ruwa don ɗacinta ya fita, ruwan kuwa a kaina yake zuwa.

Duk wannan muna yi ne alhali akwai gero a gidan. Surukina, wanda nake kira Baba, yana da rufewa, wato rumbun laka, a bayan ɗakinsa, cike da damman wata shekara mai albarka. Ya liƙe bakinta da laka, ya ce ba mai taɓa ta sai hadari ya haɗu, don ita ce iri, ita ce abincin noma. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya cinye irinsa da rani ya san abin da ke jiransa.

Wata safiya ina shara sai na ga hanyar gara, siririya, ta bi dutsen da rufewar ke kai ta shige ciki. Na gaya wa Inna, surukata.

"Kankare ki zuba toka," in ji ta.

Na kankare, na zuba. Kwana kaɗan hanya ta dawo, har da 'yar'uwarta a gefe. A garinmu mace ba ta leƙa rumbun maigida, balle na suruki. Sai na cije, ranar da na kai masa kunu na durƙusa daga nesa.

"Baba, gara tana hawa rufewa."

"Wace rufewa? Wadda na gina tun ba a haife ki ba?"

"Ita, Baba. Da za a buɗe a duba ƙasan."

Ya yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo. "'Yar nan, yunwa ce ke magana da bakinki. Yi haƙuri, kowa na jin ta."

Na tashi na bar wurin. Ni da nake rage kunu a ƙwaryata in ƙara a tasa! Washegari ya ja tabarmarsa zuwa inuwar rufewar, ya ajiye sanda a gefe, ya zama mai gadi. Mu yake gadi. Ko kaza ta gifta sai ya ɗaga sanda, gara kuwa tana aikinta taƙi ɗaya daga ƙeyarsa. In na zo da toka sai ya bi hannuna da ido har in gama.

Haka muka ci rani. Da aka ce ana rabon jar dawa ta taimako a Damagaram, da ƙafa na je, goyo a baya, na yini a layi na dawo da abin da bai cika ƙwarya babba ba.

Maigidana ya dawo ana gab da damina. Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya yi bisimilla ya fasa lakar, ɗansa ya zura ciki. Damman sama suka fito lafiya. Daga nan damma suka daina fitowa. Can sai ga hannunsa ya miƙo zangarniya, ya murza ta, ta zube ƙasa da ƙaiƙayi. Daga tsakiya har gindi gara ta gina gidanta.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare mu ya ce, "To me ya hana a gaya mini?"

Rariya ce a hannuna. Na ajiye ta a hankali, don na san in ban ajiye ba jifa zan yi da ita.

"An gaya maka, Malam," in ji Inna, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ni da ita muka zauna muna sussuka, muna sheƙa, muna tsince ƙwaya daga cikin ƙasa har idanunmu suka yi ja. Abin da ya tsira ya shuka babbar gona, ƙaramar kuwa sai da yayana ya aiko mana da iri daga Durum. Noman shekarar da ganye a cikinmu muka yi shi.

Da kaka aka rushe rufewar aka gina sabuwa a kan manyan duwatsu. Baba bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Abin da ya yi shi ne, kullum na sauke tulun farko, kafin in miƙe wuya, sai in ji muryarsa daga zaure: "'Yar nan, kin duba ƙasan rufewa kuwa?"

Aiki ya ƙaru mini da guda, har Baba ya bar duniya.