Murhun da Ke Ƙarƙashin Kujerar Auta

Taɓa-Ka-Ji yana kwance a ƙarƙashin wata tirela, filaya a hannu, salularsa ta hau ruri a aljihu. Ba ya ɗaukar kira in hannunsa na cikin wayoyin wuta, amma mai kiran ya ƙi haƙura. Dogo ne, direban da suke bin hanya ɗaya da Auta, ƙanin Taɓa-Ka-Ji.

"Kana ina? Kan motar Auta ya kama da wuta. Kwantar da hankalinka, yana da rai, har yana magana. Hannuwansa ne dai. Muna asibiti."

"Daga ina wutar ta tashi?"

"Daga ƙarƙashin kujerar gefe."

Filayar ta faɗo masa a ƙirji bai ji ba. A ƙarƙashin kujerar nan babu komai sai abin da shi da hannunsa ya ɗaura.

A garejin manyan motoci ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Taɓa-Ka-Ji ake ce masa, domin duk aikin wayarin da ya gama sai ya kunna mota, ya bar ta ta yi ta aiki, sannan ya bi kowace waya da bayan yatsunsa yana neman inda ya yi zafi. Direbobi na yi masa tsiya wai ya mai da mota jaririya mai zazzaɓi. Shi dai sai ya ce su yi haƙuri ya gama jin jikinta.

Tun yana saurayi yake wannan sana'a, a rumfar kwano ɗaya, da tebur ɗaya da ruwan batir ya cinye gefensa. A nan ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, a nan Auta ya yi wayo yana wasa da matattun ƙwayayen fitila. Ya so yaron ya gaje shi, amma Auta ba shi da zama. Sitiyari yake so, kuma ya same shi.

Direban doguwar hanya kan motarsa ne ɗakinsa. Yana son fanka, da rediyo, da cajar salula, da 'yan fitilu masu launi a kewayen gilashi. Matsalar ita ce babbar mota batir biyu take haɗawa, ƙarfin wutarta ashirin da huɗu, su kuwa waɗannan tarkace na ƙaramar mota ne, sha biyu suke ci. Masu gaggawa sukan ja waya daga batir ɗaya kawai, kafin a jima ɗayan ya cika ya yi yawa, ɗayan ya mutu. Taɓa-Ka-Ji ba ya yin haka. Konbata yake sakawa, wani ɗan akwatin ƙarfe mai tsaga-tsaga a baya, wanda ke karɓar ashirin da huɗu ya fitar da sha biyu. Abin yana ɗumi in yana aiki, tsagogin nan ne ke sallamar zafin. Don haka yake ɗaure shi a ƙarƙashin kujerar gefe inda iska ke wucewa, ya sa masa fiyus, ya bar masa fili.

Na Auta ya fi na kowa samun kulawa. Wayoyi masu kauri ya zaɓa masa, ya naɗe su tsaf, ya taɓa ya ji lafiya lau.

Wata rana Auta ya dawo daga tafiya yana dariya tun daga bakin rumfa.

"Yaya, ashe murhu ka ɗaura mini ban sani ba! In na naɗe kula da tawul na ɗora a kai, abinci sai ka ce yanzu aka sauke."

"Kai dai ba ka da hankali tun kana rarrafe. Numfashi yake yi ta nan, ka toshe masa hanci?"

"To ai ni ma numfashin nake so in yi, yunwa ba ta bari."

Ya yi masa faɗa sosai, Auta ya ce ya ji, ya ɗauke masa lemon da ke kan tebur ya tafi da shi.

Ranar gobarar, a asibiti ya tarar da matar Auta a barandar ɗakin 'yan ƙuna, ido ya kumbura, tare da 'yar Taɓa-Ka-Ji ta fari wadda ta gama jami'a bana take zaman jiran aiki. Auta na kwance, hannu biyu a naɗe da bandeji har gwiwar hannu, an ɗora su a kan filo. Ya ga yayansa ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Yaya, kar ka fara. Na san abin da za ka ce."

"Ban ce komai ba."

"Murhun ne. Na tsaya salla, na dawo na ga hayaƙi. Tawul ya kama, katifa ta kama. Motoci ne jere da kaya, in na bari duk sai su tashi. Na jawo tawul ɗin da katifar waje."

"Da hannu?"

"Da me zan jawo, da haƙori?"

Likita ya kira shi gefe ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye. Hannun hagu zai warke. Na dama ƙunar ta yi zurfi a tafi da yatsu, sai kumburi ya sauka za a san ko jijiyoyin sun tsira. In ba su tsira ba, yatsun ba za su ƙara damƙar komai ba. Taɓa-Ka-Ji bai tambayi ma'anar wannan ba. Da hannun nan Auta ke riƙe sitiyari, da shi yake ciyar da mace da yara uku.

Washegari da safe bai buɗe rumfa ba. Ya bi garejin mota-mota, duk wadda ya taɓa yi wa aiki, yana ɗaga kujerar gefe. A ta farko safa ya tarar an shanya a kan konbata. A ta biyu kula da tawul, daidai irin na Auta. A motar Dogo kuwa har da 'yar singileti.

"Dogo, kai ma? Kai da ka kai shi asibiti jiya?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Wallahi Auta ne ya koya mana. Kowa na yi."

Shi bai taɓa sani ba. Duk motar da ta zo rumfarsa, direba ya riga ya kwashe kayansa don a samu wurin aiki, sai ya taɓa ƙarfe tsirara ya ji lafiya lau.

Bai yi wa kowa faɗa ba, ya gwada faɗa ya ga iyakarsa. Ya je wurin mai walda suka lanƙwasa ragar ƙarfe, suka yi mata tudu a tsakiya kamar rufin ɗaki, yadda duk abin da aka ɗora zai zame ya faɗo. Ya fara da motar Dogo. Dogo ya gwada ɗora kularsa, ta gangaro ta bugi ƙafarsa.

"To yanzu a ina mutum zai ɗumama abinci?"

"A cikinka."

Tun ranar yake ɗaura ragar nan, mota bayan mota. Salular ba ta aljihu yanzu, tana kan tebur kusa da filaya, ya ƙure mata ƙara. 'Yarsa tana asibitin, ita za ta kira in likitoci sun kwance bandejin hannun dama. Har yanzu ba su kwance ba.