Yadda Garinmu Ya Cinye Ɗakin Haya

Yayana ya yanka mini rago. Bai roƙe ni ba, bai yi shawara da ni ba. Ya jira na juya baya na tafi Mayahi, ya kira mahauci, aka sa wuƙa a wuyan abin da na yi shekara biyu ina turkawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗanɗanon hantar a bakina, don ni ma na ci.

Ragon nan balami ne, fari tas, da ɗan baƙi a kunnen hagu. Na saye shi yana ƙarami, ƙafafu kamar kara. Harawar wake na ba shi, da dusa, da kanwa. Na yi masa wanka da sabulun da ni kaina ban taɓa gogawa a jikina ba. Matata ta ce in da ita nake wa rabin wannan hidima, da yanzu ba ta shiga ƙofar ɗaki sai a karkace. Duk wanda ya tambaye ni me nake nufi da shi, sai in ce kiwo nake kawai.

Ba kiwo nake kawai ba. Kuɗin hayar ɗakin karatun ɗiyata ne nake ciyarwa da harawa. Amma ita ce ɗiyata ta fari, kuma a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san yana cikin gidan. In baƙo ya ce ɗiyar wa ce wannan, sai ka kau da kai ka ce ta wajen Yaya ce. Saboda haka a idon gari Yaya ne ubanta. Shi ya kai ta lakwal, makarantar boko, ranar farko, shi ake yi wa barka in ta ci jarrabawa. Ni nawa sayen littafi da takalmi a ɓoye, in ba uwarta ta ce ita ta saya.

Ni ma na yi lakwal. Na tsaya a sankiyam, aji biyu na sakandare, shekarar da Yaya ya tafi ci-rani ya bar tsohonmu da gona, aka ciro ni daga aji aka miƙa mini hauya. Ya dawo bayan shekara uku da rediyo da tabarau, ni kuma boko ya riga ya wuce ni. Abin da ya rage mini ya ishe ni in rubuta wa mutane wasiƙa, in sayar da esansi, wato fetur, a kwalba ba a cuce ni ba, in kuma karanta takardar sakamakon yarinyar. Uwarta kan sa ta a ƙarƙashin buzun sallata kamar mantuwa ta yi, in karanta, in mayar. Shi Yaya hatimi yake dubawa. In hatimin ya fito raɗau ya ce ta yi ƙoƙari, in tawadar ta kwanta ya ce bana an yi wasa.

Ta samu bak ɗinta, takardar gama sakandare, sannan sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun likita a Yamai. Ranar na shiga bayan gida na daɗe, don nan ne kaɗai namiji zai yi murmushi ba a gan shi ba.

Sai maganar wurin kwana. An ce ɗakunan makaranta sun cika, sababbi kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Ita da ƙawayenta biyu, ƴan Tasawa, suka samu ɗaki ta waya, za su haɗa su biya. Yadda na ji labarin shi ne yadda nake jin kowane labarinta. Ta zauna a tsakar gida tana gaya wa uwarta da ƙarfi, ni ina bayan zana ina zuba wa rago dusa.

“Inna, mai gidan ya ce sai an ba shi na wata shida gaba ɗaya.”

“To,” in ji uwar.

“Inna, akwai kuɗin rajista, da katifa, da farar rigar shiga asibiti, da na fotokofi.”

“To,” in ji uwar, wadda ba ta san ko fotokofi ci ake yi ko sha ba.

“Inna, burs ɗin kuma, tallafin gwamnatin nan, an ce ba ya zuwa sai karatu ya yi nisa.”

Na shafa bayan rago na ce masa, da ƙarfi ni ma, “Ci, ci ka ƙoshi, kasuwar Tasawa na jiranka.” An gama magana ke nan, kowa ya fahimta. Dillali ma ya riga ya zo ya latsa gadon bayansa, ya faɗi farashin da ya sa na kwana ina lissafin har da akwati.

Saura kwana huɗu kasuwa, na ɗauki takardunta na tafi Mayahi a buga musu hatimi a meri, ofishin magajin gari. A gida na ce esansi zan sawo. Na yi jira a layi, na samu, na hau motar dawowa ina jin kaina kamar wani minista. Tun daga bakin rijiya na fara jin kalangu. Na ce wa ke aure ban sani ba? Da na matso na ga hayaƙi a ƙofar gidanmu, tabarmi har bakin masallaci, yara na gudu da ƙashi a hannu. A gefen katanga an shanya wata farar fata an kafe ta da tsinke, da ɗan baƙi a wajen kunne.

Yaya na zaune a kujera cikin babbar rigarsa ta Idi, ana miƙa masa hannu. Yana hango ni ya ɗaga murya.

“Ga shi nan! Matso, matso, ƙanen uban lokotoro!”

Lokotoro, wato likita, yarinyar ke nan. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, “Yaya, ina ragona?”

Ya nuna tukwane da hannu. “Ga shi ko'ina. Kai, yaron ga, gidanmu ya fidda lokotoro, mu bar mutane su tafi da baki bushe? Mi za a ce da mu a garuruwan maƙwabta, har Baudeta?”

Shekarata arba'in da bakwai, da furfura a gemu, amma ni ne yaron ga.

Me zan ce? In miƙe a gaban limami da mai gari in ce wannan kuɗin ɗakin ɗiyata ne? Da tsofaffin mata sun yi shekara suna tafa hannu a bakin turmi, wai wane ya haukace a kan ɗiyar fari. Na tsaya kawai, idona ya cika. Gwaggonmu, ƙanwar tsohonmu, ta leƙo fuskata ta ce, “Ku dubi marar kunya, har hawaye yake don murna! Shiga ciki, kada ka ba mu kunya.” Aka turo mini kwano da hanta a sama. Na ce tunda ni na sayi harawar, wallahi sai na ci. Na ci, kuma ya yi daɗi, daɗin da ya fi komai ɓata mini rai. Ita yarinyar tana ɗakin uwarta tana kuka, mata na guɗa a kanta suna cewa Allah sarki, farin ciki ne.

Washegari marasa lafiya suka fara zuwa. Wanda ya ci nama ya san ya biya kuɗin gani tun gaba. Wani tsoho ya kwance tsumma ya ajiye mata ƙafarsa a kan tabarma. Wata ta kawo jika mai tari. Wani makiyayi ya zo da jaka mai ɗingishi, ya ce ai ƙashi duk ƙashi ne. Yarinyar ta yi ta rantsuwa ko ajin ba ta gani ba tukuna, sai nan da shekara bakwai ko takwas in Allah ya yarda. Suka ce ka ji tarbiyya, ga ilimi ga ƙanƙan da kai. Ban ce ba su yi alheri ba. An kawo guzuri: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, ƙwan zabi, wata ma ta kawo ludayi biyu. Har aka cika buhu. Sai dai ban taɓa jin mai gidan haya a Yamai ya karɓi daddawa ba.

Rana ta uku na sake jin murya ta bayan zana, wannan karon ba ƙarfi, kuma babu ragon da zan amsa wa.

“Inna, sun ce in ba a aika nawa kason ranar kasuwa ba, za su sa wata. Akwai mai jira.”

Uwar ba ta ce “to” ba. Ni kuma ina tsaye gaban turke da igiya a ƙasa.

Na je na samu Yaya shi kaɗai a gindin itacen bedi, yana yankan farce. Na gaya masa komai, ba tare da na kama sunanta ba.

Ya ce, “To mi ya hana ka faɗi?”

Na ce, “Yaya, da wane baki? Kai ne ka mare ni ranar sunanta don na ɗauke ta a gaban mutane.”

Ya ce, “Wannan daban. Kuma ni ban yarda da zancen hayar ga ba. Ina ka taɓa ganin lokotoro na biyan haya? Gwamnati ke ba su gida, har da mai gadi. Na gani da idona.”

Na ce ba ta zama ba tukuna, karatun za ta fara.

Ya ce, “Sunanta ya fito ko bai fito ba?”

Na ce ya fito.

“To ta zama. Kai matsalarka rabin boko. Kuma duk abin da ke ɗaure a gidan ga, na gidan ga ne, ni ko ni ne babba. Allah zai kawo mafita.” Ya ci gaba da yankan farcensa.

Maganar nan tasa na riƙe, ta abin da ke ɗaure a gida. Don akwai wani abu ɗaure a gidan. Yaya na da gwaiwa. Ta fi shekara goma tare da shi, ba ta hana shi cin tuwo ko zuwa biki, sai dai tana sa shi tafiya kamar mai tsallake kwata. Ya daɗe yana cewa bayan kaka zai je Maraɗi a yi masa aiki, kuma saboda haka ya turke wani jan ɗan bijimi a bayan ɗakinsa. Shi ba ya ɓoyewa. Duk garin an san wannan sa na gwaiwar Yaya ne, har yara haka suke kiransa.

Ranar kasuwa da sassafe, Yaya ya tafi gaisuwar rasuwa a wani ƙauye kusa da mu. Na kwance jan bijimi da hannuna, bayan rana ta fito, a idon kowa. Matar Yaya ta fito da muciya a hannu ta ce ina za ni da shi, na ce iska zai sha. Muka kama hanyar Tasawa. Dillalin da ya taɓa latsa ragona ya dube ni ya dubi san, ya ce, “Ikon Allah, haka ya girma?” Na ce harawa ce. Kafin azahar an sallama. Na shiga gidan aika kuɗi na tura kason ɗaki, na tsaya har ƙawarta ta kira ta ce ya shiga. Na ware na rajista. Da abin da ya saura na sayi katifa, da akwati, da ɗan murhun gas, da yadi fari na riga. Na sayo wa Yaya goro, manya farare, irin waɗanda yake so.

Na iso bayan la'asar da katifa a kan amalanke. Yaya na ƙofar gida, da limami, da mai gari, da Gwaggo a bakin zaure, da duk waɗanda suka ci ragona. An riga an gaya masa. Hularsa ta karkace.

“Kai! Ina sana?”

Na sauke katifar na jingine ta da bango. Na ajiye goron a gabansa, na ɗora igiyar a kai. Sannan na kama sunan yarinyar, cikakke, da ƙarfi, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Na bari ta gama, na dubi Yaya na ce:

“Ɗiyata ce, ni na haife ta, kuma san naka yana Yamai ya zama ɗaki. Kai ka ce abin da ke ɗaure a gidan ga na gidan ga ne. Kai ka tara gari ka ce muna da lokotoro, ga shaidu nan da maiƙo a bakinsu. To mai lokotoro a gida mi zai kai shi Maraɗi? Ka riƙe gwaiwarka da kyau, Yaya. Shekara bakwai ce kawai, takwas in ta maimaita aji. Tana dawowa za ta yi maka aikin da hannunta, kyauta, ni zan riƙe maka ƙafa.”