Ɗan ƙarfen da Yaya Iliya ya ba ni

Ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya riga shi shigowa gida ran nan. Ina wanke-wanke a tsakar gidanmu a unguwar Television, na ɗago kai na ga Yaya Iliya da rana tsaka, lokacin da ya kamata yana wurin aiki. A watan nan ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, amma har yau idan waya ta ƙone a wani wuri, rigarsa ta ran nan nake gani.

A tsakiyar shekarun 1980 yana aiki a wata masana'anta a Kudenda. Babanmu ne ya roƙi wani dattijon cocinmu har aka ɗauke shi. Kwamfuta ɗaya tak ke ofishin, a ɗaki mai sanyi, kuma yayana ke kula da ita. Yana ba ni labarinta kamar mai ba da labarin budurwa. Ya ce a cikinta akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, mai ƙafafu biyu, ana kiransa kiristal, shi ke buga mata ganga. Yadda ya buga, haka take takawa.

"To idan aka sa mata makaɗi mai sauri fa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Rifkatu, da ke namiji ce da na kai ki wurin Oga."

Ashe abin da ke ransa ke nan. Ya samo kiristal mai sauri wurin wani mai gyaran rediyo, ya cire na asali ya sa shi. Aikin da ke cin yini ya koma ƙarewa kafin a tashi. Ogansa ya dafa masa kafaɗa a gaban mutane. Sai dai bayan ɗan lokaci ya fara dawowa da damuwa. Ya ce injin na zafi, memorin, wato ma'ajiyar bayananta, ba ya iya bin sabon kiɗan, haruffan banza na fitowa a allo. Wata Lahadi muna dawowa daga sujada ya zaro ɗan ƙarfe daga aljihu ya jefo mini. "Ga sarƙar aurenki," ya ce. Na ɗauka tsohon ne, wanda ya cire tun farko. Na sa shi cikin gwangwanin allurai.

Cikin makon nan kwamfutar ta ƙone. Kowa a ofis ya san ya taɓa cikinta, saboda haka babu wanda ya nemi wani dalili. Aka sallame shi.

Baba na zaune a kan benci lokacin da ya ji. Yaya ya ce, "Baba, na riga na mayar mata da kiristal ɗinta na asali. Wuta ce aka kawo da ƙarfi."

"Ka taɓa, ko ba ka taɓa ba?"

"Na taɓa, amma..."

"Shi ke nan. Da wane ido zan kalli dattijo ran Lahadi? Ɓarna ka yi, kada ka ƙara mata ƙarya."

Yaya bai sake maimaitawa ba. Shi ba mai roƙon a yarda da shi ba ne. Daga ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa, suna cin tuwon tukunya ɗaya, kowa na kallon bangonsa. Ni ma, a raina, na ɗauka kunya ce ta sa ya faɗi haka.

Babu ofishin da ya sake ɗaukarsa. Ya koma ja wa mutane wutar lantarki a unguwa, yana hawa sandar wuta da silifa. Wata safiya da damina, bayan ruwa ya ɗauke, ya hau bai sauko da ƙafarsa ba. A wurin jana'iza Baba bai yi kuka ba, hularsa kawai yake murzawa. Bayan shekara biyu shi ma ya bi shi, ba tare da ya ambaci sunansa ba.

Yanzu kwamfuta ta cika gari. Wadda nake aiki da ita tana da maɓalli a gaba, an rubuta masa turbo. Idan ka danna, sai ta ƙara sauri. Wani lokaci nakan ɗora yatsa a kai. Abin da ya raba shi da aikinsa da mahaifinsa, yau yara ke dannawa don wasa. Ina jin da zai yi dariyar nan tasa, sannan ya nemi sukudireba ya buɗe ya ga yadda suka yi.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa a hannuna ɗan ƙarfen nan ne. Bara na nuna shi ga Malam Gyang, wani dattijo ɗan Filato da ke gyara mana injuna. Ya kai shi bakin taga, ya karanta lambar da ke jiki.

"'Yata, wannan ai ba na asali ba ne," ya ce. "Wannan shi ne mai saurin. Irinsa muke sawa a da."

Ashe ranar da kwamfutar ta ƙone, mai saurin yana cikin gwangwanin allurai, a ƙarƙashin gadona. Ɗakin Baba na jikin nawa.