Ranar da aka hana Hajiya tsayawa inda jirgin kakana ya faɗi

Wallahi ko zan manta komai, ban da ranar da na kai kakata Challawa.

Mijinta matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya yi yaƙin basasa ya dawo lafiya, sai daga baya jirginsa ya faɗo a wata gona a can, ya rasu. Manoman da suka ciro shi suka dasa darbejiya a gurin, suka daina noma wajen. Duk shekara Hajiya sai ta je ta tsaya gindin bishiyar ta yi mai addu'a, har ƙafa ta hana ta fita.

Rannan ta ce, "Maigida, tashi ka kai ni gurin mijina na gaske. Kai banda latsa waya me ka iya?"

Muka ɗau adaidaita daga Panshekara. Muna zuwa, babu gona, sai katangar kamfanin jima. Maigadi ya ji tausayinta, ya kira manaja. Mutumin ya fito yana duba agogo.

Na yi mai bayanin kakana da yaƙin da ya yi da bishiyar, na ce, "Ranka ya daɗe, minti biyar kawai za ta yi."

Ya ce, "Kabari ne?"

"A'a, an binne shi a gari."

"To meye na zuwa? Bishiya mun sare, kwatar ruwan fata ce a gurin. Wai ma wane yaƙi?"

Wane yaƙi! Mutumin da ya sa ransa don ƙasar nan ta zauna, har kai ka samu inda za ka jeme fata! Na buɗe baki in wanke shi tas, sai na ga iyakar abin da na sani kenan, ya yi yaƙi, ya faɗo. Ko irin jirgin ban sani ba.

Hajiya ta dafa katanga a cikin warin nan mai tada zuciya, ta ɗaga hannu ta yi addu'arta.

Muna komawa gida na kunna rikoda na ce ta ba ni labarinsa. Ta yi ta bayani har la'asar. Ba ta ga wata shekarar ba.

Har yau ina jin haushin manajan nan. Amma na gane in ka bar wa baƙo ya tuna maka da naka, ba shi da lokaci. In tsohonka na da rai, zauna ka tambaye shi yau.