Saƙon Gwaggo da na goge

Da babban yatsana na dama na goge shi, ina tsaye a ƙofar ajin da nake koyarwa a Anka, yara suna wajen tara. Saƙon murya ne na minti shida, daga Gwaggo, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu. Ko rabin minti ban saurara ba. Shi ne na ƙarshe da ta turo, kuma har gobe ban daina neman abin da ke cikinsa ba.

Sana'armu ƙarama ce. Gwaggo da matan unguwarsu a Nasarawa Burkullu suna saƙa faya-fayai na kaba mai rini. Ƙanwata da ke aure a Gummi ita ke karɓar kaya ta ɗaure ta kai tasha. Ni kuma ina Anka, ni ce mai baki, tunda ni na yi boko. Mai sayen kayanmu wata Hajiya ce da ke da shagon kayan ado a Abuja, tana jera faya-fayan a bango. Mu dai mun san faifai da rufe ƙwaryar fura da bakace, amma tunda masu birni sun ce ado ne, muka ce to. Ba mu taɓa haɗuwa mu huɗu wuri ɗaya ba. Hanya ba ta da daɗin bi, kowa ya san dalili. Sai na buɗe mana zaure a waya, na saka mu duka, har da Hajiya, don ta riƙa turo hoton launin da take so, a saƙa layi biyu a nuna mata, ta ce a ci gaba ko a warware.

Ni na saya wa Gwaggo wayar, ni na koya mata. Ba ta karatun boko, don haka abu uku kawai na nuna mata: inda za ta taɓa ta shiga zauren, inda za ta danne ta yi magana, da inda za ta ɗauki hoto. Na kafe mata zauren a sama don kada ta ɓata. Ban koya mata yadda za ta nemo ni ni kaɗai ba, na ce sai wani zuwan. Kira kuwa ba ya shiga gidansu. Sai dai ta yi maganarta a tsakar gida, sannan ta taka har tudun bayan makarantar firamare, ta ɗaga wayar ta jira saƙo ya tafi.

Gwaggo ba ta san gajeriyar magana ba. Idan aka tambaye ta faɗin faifai, ga yadda amsar ke farawa:

“Salamu alaikum mutanen zaure. Kun kwan lahiya? Ina gajiya? Hajiya ta Habuja, ina maigida, ina ɗiya? Ɗiyata, ina makaranta? Mutanen Gummi, ruwa ya sauka wajenku? Mu nan mun samu, har gero ya yi kai.”

Sai an ci minti uku kafin a ji cewa faɗin taƙi biyu ne da yatsa uku. Hajiya kuwa da inci take awo. Ni ce zan zauna da tef ina auna tafin hannuna, ina tuna cewa na Gwaggo ya fi nawa faɗi. A bayan murya kuma ga zakara, ga luguden daka, ga wata tana kwaɗa wa akuya tsawa. Ƙanwata dariya take yi. Ni kuwa kunya nake ji, in faɗi gaskiya, kunyar matar da ta goya ni.

Wata rana Gwaggo ta saka labarin wani ƙauye da mutanensa suka watse suka kwana a garinsu. Na san yadda mutanen nesa suke jin sunan jiharmu su ja baya, na ji tsoron kada Hajiya ta ce kaya ba za su riƙa isowa ba. Tunda ni na buɗe zauren, ina da ikon goge saƙon kowa, na goge. Da na je hutu na zaunar da ita, ni da ta yi wa tsarki, ina kafa mata doka: zaure na aiki ne, ban da labarin gida, ban da labarin daji, gaisuwa kuma a taƙaita.

“Ke ɗiyag ga, ina za ki da sauri hakanga? Mutum ba shi gaisuwa?”

“Gwaggo, Hajiya baƙuwa ce. Ba komai ake faɗa gaban baƙo ba.”

Ta ajiye kabar da ke hannunta. Sannan ta ce, “To, na jiya, Malama.” Ba ta taɓa kirana Malama ba sai ranar. Na ji ya soke ni, amma na share, don a ganina na yi nasara.

Ta kuwa kiyaye. Saƙonninta suka koma minti ɗaya, wani lokaci hoto kawai, yatsanta ya rufe rabinsa. Na riƙa yaba kaina cewa zaurenmu ya yi tsaf kamar ofis. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in ba ta faɗi labarin gida a nan ba, a ina za ta faɗa.

Da damina ta yi nisa Hajiya ta samo mana babban aiki, faifai arba'in na wani masauki, har ta saka matar da ke kula da adon wurin a cikin zauren don ta ga yadda aikin ke tafiya. Matar ba ta cika magana ba, sai dai ka ga ta buɗe saƙo. Na ƙara tsaurara doka. Aiki kuma ya tsaya a ashirin da bakwai, kwana biyar babu hoto daga Nasarawa Burkullu. Hajiya ta tambaya sau biyu cikin ladabi, ni ina ta ba da uzurin ruwa da kabar da ba ta bushe ba.

Ranar Talata da hantsi saƙon ya shigo ina aji, ban gan shi ba sai da aka fita tara. Da na ga minti shida raina ya ɓaci tun kafin na buɗe. Na kara a kunne. Sallama, gaisuwar Hajiya, gaisuwar baƙuwa, muryar a ƙasa-ƙasa. Sai na ji ta ce, “Ɗiyata, jikin ga nawa...” A nan na tsayar. Na ce a raina, yau kuma ciwon ƙafa za a kawo mana gaban baƙi. Na danne, na zaɓi goge wa kowa. Sannan na ɗauki tawa muryar, mai kaifi, irin wadda nake yi wa 'yan aji huɗu: “Gwaggo, don Allah hoton aiki muke jira.” Aka kaɗa ƙararrawa na koma aji, da niyyar in neme ta ta wayar wani maƙwabcinsu mai yawan zama a tudu in an tashi. Ban nema ba. Washegari ma ban nema ba.

Ranar Alhamis bayan azahar babban ɗanta ya kira ni daga Bukkuyum. Tun ranar Talata da yamma suka ɗauko ta a mashin, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Kwana biyu tana asibiti tana tambaya ko na iso. Rai ya yi halinsa da safiyar nan.

“Don me ba ku kira ni ba?” Ihu nake yi masa.

“Ai ta ce ta gaya miki. Da sanda tat tahi tudu ta aika miki. Mu muna ta duban hanya.”

Daga Anka zuwa Bukkuyum ba tafiyar kwana ba ce. Da na saurara, da a ranar zan kwana kusa da ita. Ko jana'iza ban samu ba.

A gidan makoki na nemi wayarta kamar mahaukaciya. Ruwan da ya dake su a hanya ya jiƙa ta a cikin zani, ba ta sake kamawa ba. Mai gyara a kasuwar Bukkuyum ya buɗe ya girgiza kai. Ƙanwata ba ta da data ranar Talatar, kafin ta saka na riga na goge. Abin da ya rage a zauren layi ɗaya ne da ke cewa an goge wannan saƙo, a ƙarƙashinsa kuma muryata tana neman hoto.

Bayan addu'ar uku Hajiya ta kira ta yi mini ta'aziyya. Tana cikin magana ta ce, “Wallahi Malama, tun da na ji saƙon nan nata jikina ya yi sanyi.”

Na ce, “Kin ji shi?”

“Har ƙarshe. Ina cikin mota ya shigo. Da na ga kin goge, na ɗauka kin ji ne, kin tafi wajenta, ba kya so baƙuwa ta ji sirrin gida.”

Na zauna a ƙasa a bayan ɗakin Gwaggo, kusa da kabar da ta rina ba ta saƙa ba. Na roƙi matar da na yi shekara biyu ina ɓoye mata gidanmu ta gaya mini abin da uwata ta ce.

Ta faɗa mini iya abin da ta riƙe. Gwaggo ta fara da ba ni haƙuri cewa za ta karya doka sau ɗaya. Ta ce za a kai ta asibiti, in na samu hali in zo. Ta faɗi matar da za ta iya ƙarasa sauran sha ukun, ta ce a bar ta ta yi a hankali, hannunta bai kai ba tukuna. Sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, har baƙuwar da ba ta taɓa ce mata uffan ba. Ni ta bari a ƙarshe. Hajiya ta ce a nan ta fi daɗewa, ta ambaci wani duka da ta yi mini ina ƙarama a kan tulun da na fasa, ta ce abin yana ranta. Sauran kuma, in ji Hajiya, hayaniyar titi ta hana ta ji sosai.

“Ni dai na amsa mata,” in ji ta. “Na tura mata ita kaɗai, na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban sani ba ko ya isa.”

Ni ko tulun ban tuna ba. Na yi ta lalube a kaina, babu shi. Shekara talatin tana ɗauke da abin da na manta, ta ja ƙafa da sanda har tudu don ta sauke shi, ni kuma na hana ta minti shida.

An ƙarasa faya-fayan, an aika. Hajiya ta ce sha ukun ba su kai sauran ba, amma ba wanda zai gane sai mu. Zauren yana nan, lambar Gwaggo ma ban cire ba. Ranar da aka yi arba'in na shiga, gaban Hajiya da baƙuwa da ƙanwata, na danne wurin magana. Na yi sallama, na gaida kowa da mutanen gidansa, na tambayi ruwa da gero, ban taƙaita komai ba. Sannan na ce, “Gwaggo, na yahe miki. Ke ma ki yahe mini.”

Wayar tana nuna waɗanda suka saurari saƙo. Kafin la'asar su ukun duk sun ji. Ina buɗewa lokaci-lokaci in duba, sunanta yana nan a ƙasa shi kaɗai, cikin waɗanda saƙon bai kai gare su ba.